Tagar da Na Toshe a Borokiri

Sana'ata wanki da guga. Na fi shekara ashirin ina yin ta a Borokiri, tsohuwar unguwar bakin ruwa ta Fatakwal, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna. Namu ne na ƙarshe, ɗaki ɗaya da 'yar baranda, da taga guda mai kallon wajen ruwa. Yawancin masu kawo mini kaya mutanenmu ne: 'yan canji, da masu sayar da wake da albasa a kasuwar Oil Mill, da mahauta idan Juma'a ta matso. Farar shadda, farin yadi, huluna. Mutuminmu ko buhu yake ɗauka a ka duk mako, yana so ranar Juma'a a gan shi fes.

Ni mutum ne mai yawan tunani, ba na ɓoye wannan. Idan na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon. Idan na wanke riga sai na ɗaga ta a rana na duba wuya, na duba bakin aljihu, sannan na sake duba wuyan. Kayan mutane amana ne, kuma ina tsoron ranar da za a tambaye ni. Matata ta daɗe da sabawa da ni. Idan ta ga na tsaya ina jujjuya abu ɗaya sai ta ce, "Malam, rigar ta gaji da kallonka, ka shanya ta."

Mu biyu ne a ɗakin. 'Yarmu guda ɗaya ta yi aure tana Inugu.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya fara ba. Matata ce ta fara lura. Wata safiya bayan ta share ɗaki ta zauna a bakin gado, ta ɗaga ƙafarta ta nuna mini. Tafin baƙi ƙirin, kamar ta taka bayan tukunya. Na ce wataƙila gawayina ne ya zube. Ta ce a'a, ta share sau biyu.

Daga nan sai na fara ganinsa ko'ina. Wani baƙin gari ne mai laushi, irin kunkunniyar da ke taruwa a rufin madafa, amma wannan daga sama yake saukowa. Idan na shanya farar shadda, kafin ta bushe ta yi ɗigo-ɗigo. Idan na sa hannu zan kaɗe, sai ya shafu ya bar zane, dole in sake wankewa. Ruwan da ke cikin duro yakan kwana da baƙin yanayi a samansa. Mutum ya fyace hanci ya ga baƙi. Da sassafe kuwa, idan na fito daga masallaci, sararin sama yakan yi duhu a wajen ruwa kamar hadari, amma ba hadari ba ne, kuma yana da wari irin na tsohon baƙin mai.

A ƙofar masallaci kowa da abin da yake faɗa. Wasu suka ce masu dafa ɗanyen mai ne a ɓoye cikin dajin ruwa, suna fitar da kananzir da man dizal, hayaƙinsu na tashi iska ta kawo mana. Wasu suka ce idan jami'an tsaro suka kama wurin, wuta suke banka masa, to wannan hayaƙin ya ma fi na masu dafawar. Wani dattijo ya ce kada mu manta da wutar gas ɗin nan ta kamfanonin mai da ba ta mutuwa dare da rana. Wani ya nuna janaretocin layinmu, da manyan motocin da ke tsayawa a cunkoso suna aman baƙin hayaƙi. Da aka zo kan tsofaffin tayoyin da ake ƙonawa a kwata ana babbake kai da ƙafa, sai mahautan cikinmu suka koma kallon takalmansu. Ni firamare na tsaya, ban san yadda ake auna wanne ya fi wanne ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kananzir mai arha da nake saye a kwalba don rishonmu. Na yi kwanaki ina tambayar kaina ko daga can cikin ruwan yake fitowa, ko ina cikin masu laifin ban sani ba.

Matata tana da ciwon fuka tun tana yarinya, amma ya daɗe da kwanciya. Nakan manta ma tana da shi. A cikin watannin nan sai ya farka. Ta fara da ɗan tari da safe, sannan ƙirjinta ya fara yin wata 'yar ƙara idan ta ɗauko ruwa daga famfo. Tana ɓoyewa, ta juya baya ta yi tarin cikin mayafi. Amma ni ba a ɓoye mini irin wannan. Ko ina tsakiyar cuɗa kaya kunnena yana wajenta.

Na zauna na yi tunani, kuma a lokacin na ga tunanin nawa daidai ne. Baƙin abu daga waje yake shigowa. To a hana shi shigowa.

Na samo leda mai kauri na rufe tagar, na bi gefe-gefe na buga ƙusa. Ramukan iska biyu da ke saman bango na cusa musu tsumma. Ƙasan ƙofa na shimfiɗa tsohon buhu. Har 'yar ɓular da wayar lantarki ta bi ta shigo na toshe da takarda. Da na gama na tsaya a tsakiyar ɗakin ina jin daɗi, kamar na gina mata katanga.

"Malam, kabari ma ai akwai lokacinsa," in ji ta.

"Ki daina irin wannan maganar, uwar gida. Lafiyarki nake nema."

"Na sani. Amma da ina ganin kwale-kwale ta tagar nan."

"Kwale-kwale ba zai gudu ba. Bari iska ta gyaru."

Ta yi dariya ta ƙyale ni. Halinta ke nan, idan ta ga abu zai kwantar mini da hankali takan bar ni da shi.

Sai dai ban tsaya nan ba. Tunda shanya a waje ta zama asara, na ɗaura igiya biyu a cikin ɗakin na koma shanya fararen kaya a ciki. Guga ma na ga idan na yi a baranda, kafin in gama hannun riga ɗaya ɗayan ya yi ɗigo. Sai na shigo da teburin da dutsen guga. Dutsena na gawayi ne, don wutar lantarkin unguwarmu ba a dogara da ita. A ɗakin nake hura shi, a ɗakin nake ƙara masa gawayi. Wata rana kuma na ga baƙin abu a kan tuwon da ta tuƙa a baranda, na kasa ci. Washegari risho ya shigo ɗaki. Sauro kuwa ko an toshe ko'ina yana samun hanya, don haka da magariba mukan kunna maganin sauro mai hayaƙi.

Ga kuma turaren wuta. Matata da hannunta take haɗa nata, yadda mahaifiyarta ta koya mata, kuma tun da muka yi aure ba ta taɓa barin la'asar ta wuce ba ta sa garwashi a ɗan kaskonta ba. Ko daga nesa na dawo, ƙamshin nan ne ke gaya mini na iso gida. Da ɗakin ya fara warin danshi saboda jiƙaƙƙun kaya, ni na ce ta riƙa sawa sau biyu, safe da yamma. A zuciyata na ɗauka hayaƙi mai ƙamshi yana korar mugun hayaƙi. Haka na taso na ga ana yi, idan ɗaki ya yi wari a turara shi. Ban taɓa lissafa turare a cikin hayaƙi ba. Gawayi ma ban lissafa shi ba, shi abokin aikina ne tun ina saurayi.

Na kuma hana ta zama a baranda. Wannan ne abin da ya fi damuna idan na tuna. Da can takan fito da kujerarta 'yar tsugunno ta zauna tana tsince shinkafa, suna hira da maƙwabciyarmu, wata 'yar garin mai sayar da kifi, ita da Turancinta na broka, matata da nata rabin brokan. Matar nan ta tare ni wata safiya a bakin famfo.

"Aboki, ina madam? Ka sa ta a gwangwani ka rufe kamar kifin sadin?"

Na ce mata iska ce ba kyau.

Ta ce, "Mu da muke waje mun mutu ne? Buɗe wa matar nan taga."

Na yi murmushi na wuce, ina cewa a raina ita me ta sani, mai wuni a kan hayaƙin banda.

Alamu sun zo, ni ne ban karanta su ba. Wani ɗan canji ya karɓi kaftaninsa ya sansana ya ce, "Malam, wanki na kawo ko tsire? Rigar nan sai ƙamshin tukuba take." Aka yi dariya. Ni ban yi ba, na dawo gida na zargi ruwan famfo, na canza sabulu. Da yamma kaina yakan yi nauyi, na ce gajiya ce. Tarinta kuwa kullum ƙaruwa yake. Duk ranar da ya ƙaru sai in ɗauka akwai wata kafa da na manta, in bi bango da hannu ina neman inda iska ke shigowa.

Ranar wata Alhamis ce, ranar da guga ta fi yawa. Tun safe dutse biyu nake juyawa, ɗaya a hannu ɗaya yana kama wuta. Tana gefe tana dafa wake a risho. Wajen azahar na ji cokali ya faɗi. Na waiga na gan ta zaune a ƙasa, ta dafa gado da hannu biyu, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka. Tana jan numfashi yana ƙara kamar ana busa tsinke, amma ba ya shiga. Ta dube ni tana so ta yi magana, ba hali.

Ban san yadda na fito da ita ba. Mai kifi ce ta tsayar da keke mai ƙafa uku, ita ce kuma ta koma ta kashe rishon ta fitar da duwatsun guga, har da wanda ni da nake duba kwaɗo sau uku na bari a kan rigar mutane. A cikin keken na riƙe hannunta ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina fara wata kafin in gama wata.

A ƙaramin asibitin da muka je aka sa mata wani abu a hanci da baki yana fitar da tururi. A hankali kafaɗun suka sauka. Suka ce za ta kwana biyu.

Nas ɗin da ke kula da ita babbar mace ce, ta taɓa zama a arewa, tana jin Hausa sosai. Ta kira ni gefe ta ce masu irin wannan ciwo sun yi yawa a garin tun da baƙin hayaƙin nan ya tsananta, musamman yara da tsofaffi. Na ji kamar an ba ni gaskiya. Na fara ba ta labarin ƙoƙarin da na yi, leda, tsumma, buhu, ban bar komai ba.

Ta ce, "Ina kuke girki?"

"A ciki, don kada ya zuba a abinci."

"Da me?"

"Risho."

"Sana'arka fa?"

Na gaya mata. Ta tambayi irin dutsen, na faɗa. Ta tambayi inda nake gugar, na faɗa. Ta tambayi maganin sauro. Da ta zo kan turare, muryata ta riga ta yi ƙasa.

Ta ajiye biron hannunta ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Baba, ka je gida. Ka sami farin ƙyalle biyu ka jiƙa. Ɗaya ka goge bangon waje, ɗaya ka goge bangon da ke saman filon madam. Sai ka duba da idonka."

Na tafi ina gardama a raina duk hanya. Na ce ai ita ba ta ga sararin Borokiri da asuba ba. Na ce ai gawayi tun kakanninmu ake amfani da shi. Amma da na buɗe ƙofar ɗakin, bayan na yi awanni a wani wuri, warin da ya tarye ni sai da na ja baya. Kananzir, toka, danshi, da tsohon turare da ya kwanta a jikin komai. Watanni ina cikinsa hancina ya daina jinsa.

Na yanko ƙyalle biyu daga wani tsohon farin yadi nawa. Na goge bangon baranda, ya fito baƙi, kamar yadda na zata. Na shiga na hau gado na goge saman filonta. Shi ma baƙi, amma baƙinsa da maiƙo, da wani ja-ja a gefe, yana manne wa yatsa. Na ce wataƙila wurin ne kawai. Na juya ƙyallen na goge wani gefen. Na goge bayan ƙofa. Na goge murfin akwatinta. Sannan na zauna a bakin gadon da ƙyalle a kowane hannu, na daɗe ban motsa ba.

Na sa kowanne a ledarsa, na rubuta "waje" a ɗaya, "ciki" a ɗaya, na koma asibiti. Nas ta gani ta yi dariya ta ce ba ta ce in kawo mata ba. Sannan ta yi mini bayani a hankali. Ta ce na waje mugu ne, kada in ɗauka ba komai ba ne, kuma ba ni zan iya gyara shi ni kaɗai ba. Amma shi iska tana kai shi tana kawo shi. Na ciki kuwa ni na hura shi, na kuma kulle shi da ita.

Na shiga wajen matata. Tana kishingiɗe, idonta ya faɗa. Na tsaya a gefen gado na kasa haɗa ido da ita.

"Uwar gida, ni ne. Da hannuna na yi miki wannan."

"Zauna, Malam, kana tare mini fanka."

Na zauna. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Wa ya kunna rishon? Wa ya sa turaren? Ni ma ina da hanci ai. Na ga in ka toshe wata kafa kana samun barci, shi ya sa na yi shiru." Ta ɗan huta ta ƙara da cewa, "Rigar da ka bar dutse a kai, ta wa ce?"

Ko a gadon asibiti ta san abin da ke cin raina na biyu. Na ce mai kifi ta ɗauke dutsen kafin ya ci. Ta ce to Alhamdu lillahi, saura abu ɗaya ke nan.

Washegari yayanta ya iso. Shi ɗan kasuwa ne a Anacha, yana lodin kaya zuwa arewa daga tashar Upper Iweka, kuma tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gare ta. Muka gaisa yadda ya kamata, ya tambayi aiki, ya tambayi jama'a, ya yi mini jaje. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Sai da muka fito waje ya ce, "Malam, ba na ganin laifinka. Amma garin nan ba na mai ciwon ƙirji ba ne. Motata tana tashi gida duk mako. Ka bar ta ta koma wajen 'yan'uwa, kai ka riƙa zuwa da sallah."

Na ce, "Alhaji, Anachan ma ai hayaƙin motoci ne."

"Shi ya sa ban ce Anacha ba. Gida na ce."

Gaskiya yake faɗa, kuma ni ne mutumin da ya kusan kashe masa ƙanwa da leda da ƙusa. Amma tun da aka kawo ta ba mu taɓa raba wata guda ba. Na san mazan da iyalinsu ke gida, suna kwana a shago, suna ganin matansu sau biyu a shekara, kuma suna rayuwa. Ni ban ga yadda zan yi ba. Wa zai ce mini rigar ta gaji da kallona?

Na roƙe shi ya ba ni wata ɗaya. Ya ce zai dawo bayan Juma'a huɗu. Idan ya same ta yadda take, da ita zai tafi, kuma kada in sa shi ya maimaita. Na ce na yarda.

Kafin a sallamo ta na cire ledar. Ƙusoshin da na buga da kyau suka ba ni wahala. Na zare tsummokin, na wanke bango da sabulu tun daga sama, ruwan yana gangarowa kamar shayi. Na fitar da katifa da labule. Teburin guga ya koma baranda, na yi masa rumfa da tsohon zanin gado don abin da ke saukowa daga sama. Shanya kuma na gano idan na bari rana ta ɗaga sosai, na kwashe da zarar kaya sun sha iska, ɗigon ba ya yawa. Wanda ya ɓaci in sake wankewa. Aiki ya ƙaru, wasu masu kaya suka gaji da jira suka koma wani wuri. Ban hana su ba.

'Yarmu ta aiko da ƙaramar tukunyar gas daga Inugu. Na yi kwana uku ina tsoronta, ina shafa mata ruwan sabulu a wuya ina neman kumfa, kafin na yarda a kunna. Ita ma a baranda take. Muka rataya gidan sauro. Tsintsiya ta bar ɗakin, don nas ta ce shara tayar da abin take yi, sai dai a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ni nake gogewa, safe da yamma.

Tagar ce ta fi ba ni wuya. In na buɗe ina tsoron na waje, in na rufe ina tsoron na ciki. Mai kifi ce ta raba mini gardama. Ta ce su da suke zuwa bakin ruwa sun sani, baƙin yana kwanciya ƙasa ne da asuba, idan rana ta yi zafi ya ɗaga, da yamma kuma iskar teku ta kore shi. Sai na riƙa rufewa daga dare zuwa hantsi, in buɗe taga da ƙofa gaba ɗaya daga nan har magariba. Na ba ta haƙuri a kan abin da na raya a raina game da ita. Ba ta gane me nake nufi ba, ta ce, "Aboki, kai dai ka cika wahalar da kanka."

Saura turare. Ranar da matata ta dawo, da la'asar ta yi, na ga ta ɗauko kaskon ta riƙe shi a cinya. Ta jujjuya shi, sannan ta tura shi ƙarƙashin gado.

Na ce, "Ko ɗan kaɗan, a baranda?"

Ta ce, "A'a. In na fara sai na ƙara."

La'asar ta zama wani iri a gidan. Ina dawowa daga kai kaya in shigo ba ƙamshi, sai in ji kamar na shiga ɗakin wani. Ban faɗa mata ba. Ranar Juma'a ta biyu na buɗe akwati zan ɗauki rigar masallaci, sai ƙamshin ya taso mini. Ta ƙulla turaren ɗanye a 'yan ƙyallaye ta cusa tsakanin kayana. Na juyo na dube ta. Tana tsince shinkafa a bakin ƙofa, ba ta ɗago ba.

"Ka yi sauri, liman ba zai jira ka gama sansanar riga ba," in ji ta.

Tarin bai tafi gaba ɗaya ba. Amma ƙarar ƙirjin ta ragu, maganin shaƙar da aka ba ta a asibiti yakan yi kwanaki a jaka ba ta taɓa shi ba. Ina ƙirga kwanakin a raina, kowace safiya ina sauraron numfashinta kafin in fita masallaci, har ta ce in na ci gaba da tsaya mata a kai haka za ta bi Alhaji don ta huta.

Ya dawo ranar da ya ce. Ya same ta a baranda tana yanka kuɓewa. Suka gaisa, ya zauna, ya ci abinci, yana kallonta ta gefen ido. Ta tashi ta ɗauko masa ruwa a famfo da kanta, na san da gangan ta yi. Da ya wanke hannu ya ce, "To, me kuka yanke?"

Na buɗe baki, ta riga ni.

"Yaya, ba zan koma gida ba. In na tafi, mutumin nan zai toshe tagar nan ya zauna a ciki da gawayinsa, sai dai a kira ka."

Ya yi dariya, amma bai sake ba. Ya ce yanzu damina ce, ruwa yana wanke sama. Idan ruwa ya ɗauke fa? Wannan tambayar ni ma ita ke hana ni sukuni, don na lura baƙin ya fi kwanciya a watannin da ba ruwa. Matata ce ta ce to a raba: idan ruwa ya ɗauke ta tafi Inugu wajen 'yarta, can tudu ne, kuma tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba. Idan ruwan farko ya sauka ta dawo. Ya dube ni. Na ce na yarda.

Haka muke yi har yanzu. Akwai lokutan da sararin yakan yi haske, a ce an matsa wa masu dafa man, har mutum ya shanya farar shadda ya shiga ɗaki ya sha shayi. Sai kuma wata safiya a ga ya dawo. Wasu daga cikin mahautanmu sun koma babbaka da itace, wasu suna nan da tayarsu. Ni dai na daina sayen kananzir ɗin kwalba.

Yanzu da nake rubuta wannan tana Inugu, wata na biyu ke nan. Kullum da hantsi takan kira ni. Ba ta fara tambayar ko na ci abinci ba.

"Malam, ka buɗe?"

"Na buɗe."

"Duka biyun, ko ɓari ɗaya?"

Sai in tashi da wayar a kunne, in je in tura ɗaya ɓarin, in gaya mata kwale-kwale nawa ne a kan ruwa.